Agogon Baba Sule

Laraba da dare, Oktoba 1998, Guangzhou, ƙasar Sin

Barci ya ƙi zuwa. Yau Alhaji Bala, mai masaukina, ya raka ni shagon kwamfutoci da kaset ɗin Baba Sule, makaɗinmu. Mai shagon ya zuba kalangun a kwamfuta, ya yanko ɗan guntu, ya danna maɓalli biyu, sai ga kiɗa ya jeru har ƙarshen waƙa. Aikin da ke cinye mana yini a situdiyo a Kano, ya gama shi kafin shayina ya huce.

Na yi murna, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ce Alhaji ya tambaye shi maɓallin da ke sa kalangu ya kira sunan amarya. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Meyo," wato babu. Duk da haka na sayi kwamfutar, masu fim da nake yi wa waƙa ba sa jira.

Ga kwalin nan gefen gado, agogon da na saya wa Baba Sule a kansa. Tun ina waƙar biki yake yi mini kiɗa. Ranar da zan taho, a filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, agogo kawai nake so, in daina makara wurin aiki."