Ranar da Aka Ce Min Zauna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ni lafiya lau, kumburin ƙafar ma ya fara sauka. Na bar tsohon babban kantin nan, inda ba a ce wa ma'aikaci ya zauna sai ranar korarsa. Shi ya sa a sabon, da manaja ta turo min kujera wurin karɓar kuɗi ta ce, "Zauna mana," na fashe da kuka ina ba ta haƙuri. Ashe kowa a zaune yake aikinsa! Wallahi mutanen kirki ne.

Ki ce Inna ta sa matar nan a addu'a, amma kada ki faɗi dalili. Har yanzu ta ɗauka aikin ofis nake yi.

Ƙanwarki.