Na ce ban ga komai ba

Assalamu alaikum, Anti, da sauran masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni zuwa ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

A Doha nake aiki. Matata ta rasu bara, ta bar mini ɗanmu mai shekara bakwai da ke da lalurar otizim, ba ya magana. Na sa shi a wata cibiya a unguwar Gharrafa, inda wata Baturiya ke taimaka wa irinsu da kiɗa, mu iyaye muna kallo ta gilashi. 'Ya'yan Larabawa da na Turawa takan zaunar da su gaban fiyano, ta riƙe musu yatsu, ta jira su da haƙuri. Ɗana da wani yaro ɗan Sudan kuwa, ganga ake miƙa musu a kusurwa, babu mai waiwayarsu har a tashi. Ɗana tsoron ƙarar ganga yake, toshe kunne yake yi yana makyarkyata. Da na gaya mata, dariya ta yi, wai mu baƙar fata ganga a jininmu take, zai saba. Yaron da ko ƙofa ba ma bugawa da ƙarfi saboda shi?

Mahaifin ɗan Sudan ɗin, Ustaz Bashir, ya kai ƙara wurin shugaban cibiyar, ya ce ni ne shaidarsa. Shugaban ya kira ni, ya ba ni shayi, ya tuna mini cewa masu neman gurbi suna da yawa. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ban ga komai ba." Ya yi murmushi ya ce, "Khalas, shi ke nan."

Aka sallami ɗan Bashir, wai ubansa mai neman rigima ne. Nawa kuma aka kai shi gaban fiyano. Shekaranjiya ya danna fiyanon, ya yi dariya, wadda ban ji ba tun rasuwar uwarsa. Na yi murna, Anti, kuma murnar ce ta fi ba ni ƙyama.

Bashir bai san abin da na faɗa wa shugaban ba. Bayan sallar Juma'a ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, na san ka yi iya ƙoƙarinka." Yaronsa yana gida, babu inda ya karɓe shi.

In na koma na faɗi gaskiya, ɗana za a kora. In na yi shiru, da wane ido zan ƙara tsayawa kusa da Bashir a sahu? Me zan yi?