Gugan da ke bakin rijiyarmu

Garwa, 20 ga Disamba, 1974

Zuwa ga ƙanwata Hindu, a Kano.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Yusufu da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya zuriya, ya ba mu haƙurin abin da ya same mu. Mu nan muna nan yadda kika sani. An yi sadakar arba'in ɗin Yaya Ilyasu ranar Lahadin makon jiya, jama'a sun zo har daga Pitowa. Matarsa Fati tana cikin takaba, tana cin abinci idan an matsa mata, yaran kuma sun koma lakwal, wato makarantar boko. Binuwai ya janye, jiragen kaya sun daina zuwa, don haka a ofishinmu na bakin ruwa babu abin yi sai korar ƙuda. Ina buɗe littafi da safe, in rufe shi da azahar, shafin bai canja ba.

Takardarki ta iso, kuma na ga tambayoyin biyu da kika yi: ko na same shi da rai, da kuma abin da ya ce. Kowa a nan na gaya masa mota ce ta ɓaci a hanya, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ke zan ba ki labarin da tsawonsa, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna tsohuwar motarsa ta kaya, mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Komai nata ya tsufa, ban da tayar safaya da ke rataye a baya. Duk Juma'a, in ya dawo masallaci, sai ya sauke ta, ya buga ta da ƙasa, ya kasa kunne kamar likita, ya tofa yawu a bakin da ake hura iska ya jira ya ga ko zai yi kumfa. Ba ya ba da aronta ko ga limami. Ni na raɗa mata suna Hajiya, domin tana zaune ba ta aikin komai, kuma ita ake fara gaisarwa. Yakan ce mini taya huɗu na hanya ne, ta biyar ce kaɗai tasa, kuma mai karatu irina ba zai gane ba sai ranar da ya kwana a daji da littafi a hannu. Na sha yi masa dariya a kan wannan. Kin san ni da baki.

A farkon Oktoba ya tafi Mindif sayen gyaɗa, zai yi wata guda. Injin motar yana tari, sai ya bar ta Barthélemy bakanike ya duba ta, shi kuma ya bi motar wasu 'yan kasuwa. Da aka gama gyara aka kawo ta gida, makulli yana hannuna. Wasiyya ɗaya ya bar mini, kada a taɓa Hajiya. Bayan mako guda Fati ta aiko cewa gugan rijiya ya yage. Rana tana zafi, kasuwa da nisa, ina tsakiyar wani littafi. Sai na tuna Yaya ya sa sabuwar robar ciki a safayar, wadda muke ce wa shambur a nan, kuma kowa ya san babu guga kamar na sabon shambur. Na mirgina tayar zuwa wurin mai faci na bakin titi, ya zare mini shi, na ba baduku ya ɗinka guga. Tayar kuwa na mayar da ita kan ƙarfenta na rataye. Roba ce mai kauri, ta tsaya cif kamar cike take da iska. Na ce a raina zan sa wani kafin ya dawo, in ya so bayan shekara in ba shi labari mu yi dariya. Daga nan na koma kan littafina, na manta.

Ranar Talata ta ƙarshen watan wani direba ya kawo takarda daga Zacharie, mai masaukinsa a Mindif, cewa ciki ya kwantar da Yaya kwana uku, a zo da mota. Washegari bayan sallar asuba muka tashi ni da Barthélemy. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya bi tayoyin huɗu yana harbi da ƙafa. Ta biyar ko kallonta bai yi ba. Daga baya ya ce mini duba safayar Ilyasu kamar ka tambayi limami ne ko yana da alwala. Ni kuma sai da muka wuce Figil abin ya faɗo mini. Na bar shi ya ci gaba da tuƙi. Na lissafa cewa tafiyar rabin yini ce, kuma ba kullum ake faci ba. Mai karatu ba ya rasa hujja.

Mun bar babbar hanya mun shiga ta ƙasa, hantsi ya yi, har dutsen Mindif ya fara bayyana can gaba, sai tayar baya ta hagu ta hau wani kututture ta fashe. Barthélemy bai damu ba, har yana waƙar cocinsu yana ɗaga motar da jak. Ya sauke Hajiya, ya buga ta da ƙasa yadda Yaya yake yi. Ba ta yi tsalle ba. Ta kwanta kamar buhun da aka zazzage. Ya zura hannu ciki, ya zaro, ya dube ni. Na gaya masa inda shambur ɗin yake. Har yau bai gaya wa kowa ba, sai dai da yakan kira ni Malam, yanzu Misye yake cewa, kamar yadda ake kiran baƙo da Faransanci.

Ya gwada liƙe shambur ɗin da ya fashe da sholisho, amma yagewar ta fi tsawon tafin hannu, sau biyu yana hurawa da famfo tana buɗewa. Ba ranar kasuwa ba ce, babu abin da ya wuce sai jakuna da wani mai keke. Daga ƙarshe ya ce mu yi abin da ake yi a ƙauyensu na kan dutse. Muka shiga daji muna tuge busasshiyar ciyawa muna cusa wa Hajiya, yana dannawa da ƙarfe har ta cika. Haka muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar tsohuwa. In mun ɗan taɓa, ciyawar ta niƙe ta fara hayaƙi, mu tsaya, mu kwance, mu sake cusawa. Sau huɗu. Duk tsawon yinin dutsen yana gabanmu, bai matso ba bai ɓace ba. Ban san yana da kyau haka ba, na ƙare masa kallo sosai.

Mun shiga Mindif rana ta yi ja. Mutane suna dawowa daga maƙabarta. Yaya ya cika bayan azahar, aka rufe shi bayan la'asar. Wannan ita ce amsar tambayarki ta farko.

Ta biyun kuma Zacharie ne ya ba ni. Ya ce da safiyar ranar wata motar auduga za ta Marwa, direban ya yarda ya kai Yaya asibiti, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Yaya ya sa aka leƙa, aka ce masa motar ba ta da safaya. Sai ya ƙi. Ya ce ba zai shiga motar da za ta yar da shi a daji ba, tasa tana hanya, ƙanensa ne zai kawo ta, kuma ita ba ta taɓa kwana a hanya ba. Zacharie ya ce har murmushi ya yi. Bayan haka bai ƙara wata magana ba sai salati. Ban sani ba ko asibitin zai yi wani abu. Na tambayi wani likita a nan, ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Na gode masa.

Kada ki ɗauka kuka nake yi ina rubuta wannan. Na jira kukan bai zo ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Mutane suna yaba haƙurina, ina amsawa. An ce da na sani ƙeya ce, to ni ko juyawa ban yi ba balle in neme ta. Na sa sabon shambur, kuma duk Juma'a ina sauke tayar in buga ta da ƙasa in tofa yawu in jira, ko da yake motar ba ta zuwa ko'ina. Maƙwabta suna cewa Allah sarki, ya gaji ɗan'uwansa.

Abin da nake so ki gaya mini shi ne ko in faɗa wa Fati. Ke mace ce, kin fi ni sanin abin da za ta iya ɗauka, kuma duk abin da kika ce shi zan yi. Gugan yana nan bakin rijiya. Da shi aka ja ruwan da aka dafa abincin sadaka, da shi baƙi suka yi alwala. Jiya Fati ta aiko mini da godiya ta bayan labule, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa samun guga mai ƙwari irinsa ba, ko ɗigo ba ya zubarwa.

Ki gaida Malam Yusufu da kyau, da Gwaggo Ta-Sallah, da su Habibu da Rakiya, ki ce kawunsu yana sa musu albarka. Fati da yara suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Ni ne wanki,
Hassan