Zanen Kaka Hawwa

Kankiya, 3 ga Maris, 2024

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da su ƙanwata Zahra da duk mutanen Dudunni.

Na rubuto takarda ne don in na kira waya, kina jin muryata sai ki miƙa wa Zahra. Takarda dai ba ki da wanda za ki miƙa wa, tunda na roƙi Kabo direba ya sa miki ita a hannu, kuma na san kin iya karatu tun ajin yaƙi da jahilci.

Shekarata tara a gidan Dalhatu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Babu saiwar da ban sha ba. Yanzu wata likita a Kano ta gano abin. Hangum ɗin da na yi ina shekara goma sha uku bai tsaya a kumatu ba, ya sauka ciki ya taɓa ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Ta ce saura 'yan kaɗan, kuma ƙarewa suke yi. Bayan Sallah za a yi min allurai na kwana goma sha biyu, a ciro ƙwan, a haɗa da na Dalhatu, a mayar min a mahaifa. Ba ta ga alamar za a samu na gwaji na biyu ba.

Kin tuna ciwon nan? Ni na tuna. Kaka Hawwa tana Bauranya wajen biki, aka shafa min shuni a kumatu aka kwantar da ni a ɗakinta. Marata kamar ana murɗa wanki. Ina jin dakanki a tsakar gida, ba ki leƙo ba, don ni 'yar fari ce, kunyata kike ji. Da ba don Kaka ta dawo ranar shida ta yi jinyata ba, da an binne ni.

Ina son mace kusa da ni a Kano. Ke nake so.

'Yarki,
Sakina

Dudunni, 9 ga Maris

Zuwa ga ɗiyar tsohuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Muna nan lafiya, sai godiyar Allah.

Takarda ta iso, na karanta. Haihuwa ta Allah ce, shi ka ba wanda ya so. Allah shi sa a dace da wannan magani.

Batun rakiya, na yi wa Zahra magana, ta yarda, mijinta ma ya yarda. Ita ta san birni, ni ko mi zan iya a Kano? Kuma ke ba yarinya ba ce, kin san ba a taɓa yi ba a gidanmu, uwa ta bi ɗiyar fari kan maganar ciki. Mi zan ce wa mutane?

Ga kuka da daddawa nan na ba Kabo.

Ki gaida maigidan.
Hadijatu

Kankiya, 12 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa, don an koya min gaisuwa.

Na roƙe ki ke, kin aiko min kuka da daddawa. Na raba wa maƙwabta.

“Ɗiyar tsohuwa.” Shekara takwas da rasuwar tsohuwar, har yau ita ce uwata a bakinki. Shekarata talatin da ɗaya ban taɓa jin sunana daga gare ki ba. Akuyar gidanmu ma tana da sunan da kike kiran ta da shi.

Na tambayi likita ko da an kai ni asibitin Kusada a lokacin da ban zama haka ba. Wallahi so na yi ta ce e, in samu abin da zan riƙe ki da shi. Ta ce a'a, wannan ciwo ba shi da magani sai jinya, ko an kai ni abin da zai faru zai faru. Na fito ina jin haushinta ita ma. A mota na gane ba asibiti nake miki fushi a kai ba. Taku goma ne daga turminki zuwa ƙofar ɗakin nan.

Mutanen da kike tsoro, wa ya taɓa zama da ni a cikinsu ranar da ake suna a unguwa ina wanke tukwane don kada a ga fuskata? Ki bar Zahra da goyonta. In ba ke ba, ba na son kowa.

Sakina

Dudunni, 20 ga Maris

Ke,

Tunda faɗa kike so, zamna ki ji.

Ranar da kika yi wata biyu a duniya kika shaƙe da kuka, na ɗauke ki na rungume gaban matan gida. Shekara guda suna yi min waƙar marar kunya wajen daka, har rijiya ake nuna ni. Ke ba ki san wannan ba, kina birni kina rubuta takarda.

Batun ciwonki kuma, tsohuwa ba ta dawo ranar shida ba. Ruwa ya cika rafi, babu mai ƙetarewa, sai ranar tara ta iso. Tambayi babanki.

Kwana biyar ina daka abin da ya riga ya daku don in tsaya kusa da ƙofarki. Ranar shida da hantsi na ji kin daina nishi, jama'a duk suna gona. Na shiga, na ga baƙin saƙin tsohuwa a kan igiya, na lulluɓa har ka saboda mai leƙowa. Kika buɗe ido cikin zazzaɓi kika ce, “Kaka, kin dawo?” Na ce, “Na dawo.” Ni na gasa miki mara da ruwan zafi, ni na ɗura miki kunu, kwana ukku. Da tsohuwa ta taho na mayar mata da zanenta, ta dube ni, ba ta ce komi ba har ta koma ga Allah.

Ki ce na yi rashin hankali, na yarda. Kada ki ƙara cewa ban shigo ba.

Hadijatu

Kankiya, 23 ga Maris

Inna,

Na tambayi Baba. Ya ce haka ne, ranar tara.

Na yi kuka har Dalhatu ya fasa zuwa ofis. Amma kada ki ɗauka na huce, haushina ƙaruwa ya yi. Shekara goma sha takwas ina yi wa Kaka addu'a kan hannun da ba nata ba, ina kallon ki a matsayin wadda ta bar ni in mutu, kina gani kika ƙyale ni. Kin gwammace in tsane ki da matan rijiya su yi dariya.

Zanen nan yana akwatina, ni aka ba da ta rasu. Ba zan aiko miki da shi ba.

Ranar Laraba ta biyu bayan Sallah za mu tashi. In za ki zo, ki zo da rana, ta bakin kasuwa, duk wanda ya tambaya ki faɗa masa wajen wa za ki. In ba za ki iya ba, ki yi zamanki, ba zan sake roƙo ba.

Sakina

Dudunni, 14 ga Afrilu

Sakina,

Na faɗa wa mata a bakin rijiya wajenki zan zo. Biyu sun yi dariya.

Kabo ya ce ƙarfe bakwai na safe zai ɗauke ni. Ki tambayi likitar ko ana barin mutum ya shiga ɗakin da za a yi abin, don ba zan tsaya a ƙofa ba.

Uwarki