Rigar Baba a Jikin Maigadi

Talata, bayan isha'i

"Binta, rigar sojan ruwan Baba ba za ta shiga kayan sadaka ba." Haka Yaya Sani ya ce ranar addu'ar uku.

Yau na gan ta a Sharaɗa, jikin maigadin wani kamfanin robobi, yana buɗe wa tirela ƙofa. Da ita Baba ya yi yaƙin basasa a ƙaramin jirginsu mai rakiyar manyan jirage. Maigadin bai da laifi, ba shi aka yi. Ashe Yaya ya sa ta cikin kayan sadakar. Na kira shi, wai ai tsumma ce.

Tsumma.

Ya karɓo ta kafin Juma'a. In ba haka ba, ni zan kai wa maigadin sabuwar shadda mu yi musaya, kuma Yaya ya gama riƙe makullin ɗakin Baba.