Simintin da Na Shafa wa Soron Kaka

Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Shekara talatin da biyar ke nan da Baba ya miƙa wa ƙanena Sha'aban mabuɗin soro, ina tsaye a bakin gadonsa. Ni ne babba. Ni na karanta aikin gini har difloma, shi kuwa tela ne. Ban manta ba, ba ni kuma da niyyar mantawa.

Yau na ga sabuwar tsaga a bangon gabas, yatsana yana shiga. Na faɗa a majalisa, kamar kullum: wanda aka ba riƙo bai riƙe ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na hau soron. Rabona da shi ya kai shekara uku.

Kaka Mainasara ya gina shi a 1938, yana malamin En'e. Tubalin ƙasa ne tun daga tushe, kaurin bangon ƙasa kamu huɗu. Bakan gizo huɗu suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, a mahaɗarsu kuma aka liƙa farantin tangaran shuɗi na kayan auren Kaka Hadijatu. Tagar katako mai marfi biyu ya kwaikwayo daga ofishin Turawa, mutane har zuwa kallonta suke. Muna yara nan muke gudowa da rana, sanyi kamar cikin randa.

Yanzu warin danshi. Azarar rufi na danna da babban yatsa, ta lotsa. Gara ta cinye ta.

Asabar, 1 ga Yuni

Ƙanwarmu Murjanatu ta zo daga Sandamu. Ba ta shawarce ni ba ta kira Lado magini, wanda muka yi allo tare. Ya tsufa, bakin dai bai tsufa ba.

Ya ɗauki dutse yana ƙwanƙwasa bango. Kwam, kwam, kamar ganga. Ya ce, "Injiniya, ka ji? Riga ce kawai a tsaye, mai rigar ya zagwanye."

Na ce rashin kulawa ne. Ya ce, "To ta ina za a kula? Ƙasa numfashi take. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. Kai ka toshe mata hanci da siminti, ka cire indararo ka cusa bututu cikin bango. Bututun ya fashe tun yaushe, ruwan rufi a cikinta yake sauka."

Na ce ya tsaya ga kwaɓa laka, ya bar wa masu ilimi lissafi. Ya yi dariya ya ce a gaida difloma.

Sha'aban yana tsaye, idonsa a ƙasa.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ban fita majalisa ba. Ciwon kai.

Laraba, 10 ga Yuli

Ruwa tun hantsi. Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

A da, duk shekara kafin ruwan farko, mazan gidan nan kan taru. A kwaɓa ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a hau rufi a yaɓe, a share indararo don ruwa ya zubo can nesa da bango. Mata su dama fura a babbar ƙwarya. Baba yana ƙasa yana nuni da sanda. Ni ina gefe da littafi, wai kada farar rigata ta ɓaci. Sha'aban ne kullum a sama, laka har gira. Abin da Baba ya gani ke nan. Na daɗe da sani.

A 1992 abokan aikina suka zo sunan ɗiyata. Wani ya ɗaga kai ya dubi soron ya ce, "Injiniya, ashe a gidan tarihi kake kwana?" Aka kwashe da dariya. Kafin wata ya cika na kawo siminti na lulluɓe soro da zaure, har zanen da ke goshin ƙofa, inda Kaka ya sa aka rubuta sunansa da shekara da ajami. Na ce an huta da yaɓe har abada. Sha'aban ya buɗe baki, na ce, "Mabuɗi aka ba ka, ba girma ba."

Tun ranar ba a ƙara taruwa ba.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bayan masallaci Lado ya ce a kwashe komai daga ɗakin ƙasa. Na tambaye shi, a hankali, ko in an fasa simintin yanzu za a ceci soron. Ya ce, "Da shekara goma baya ne." Bai yi tsiya ba. Gara a ce ya yi.

Na so in ciro farantin Kaka. Tsani bai samu inda zai jingina ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Murjanatu ta same ni a tsakar gida. Ta ce, "Yaya, ka san duk shekara Sha'aban yana hawa shi kaɗai ya toshe tsagar rufi da hannu? Sai ka tafi kasuwar Mai'adua yake yi, don kada ka gani ka ce ya raina aikinka."

Na ce me ya hana shi magana, ina zaginsa a gaban mutane?

Ta ce, "Ya ce, wa zai tona asirin wansa a majalisa?"

Na shiga ɗaki. Tuwon ma na mayar.

Talata, 20 ga Agusta

Soron ya faɗi jiya bayan la'asar. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ƙarar ma ba ta kai yadda na zata ba, kamar an sauke buhu.

Simintin goshin ƙofa ya ɓallo falle guda. Da muka juya shi, ga zanen Kaka da rubutunsa sun fito a bayansa, a juye. Sha'aban ya tsuguna yana shafawa. Ya ce, "Yaya, ashe ka adana mana shi." Da gaske yake. Abin da na kasa ɗauka ke nan.

Da safen nan na je shagonsa. Ban taɓa zama a bencin nan ba. Na ce Lado yana ganin zaure zai tsira in an fasa masa simintin bayan damina a yaɓe, amma sai mai mabuɗi ya yarda. Ya tsayar da keken ɗinki ya dube ni. Na ce zan iya ɗaukar kwandon ƙasa, ba don komai ba, likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Majalisa kuwa, zan je gobe. Akwai maganar da zan gyara.

Farantin mun samu ɓari uku, sauran yana cikin ƙasa. Tagar ta karye. Soron Kaka Mainasara, hawa biyu, bakan gizo huɗu, shekara tamanin da shida. Babu shi.