Sumar da Mijina Bai Taɓa Yi Ba

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi, Allah ya ba ku ladan sauraren damuwar mutane. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata. Masu sharhi kuma ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina. Zagin ma na riga ku, da shi nake tashi kowace safiya.

Ni mace ce da ta haura arba'in. Asalinmu ƴan Maradi ne, amma a Yamai muke zaune, unguwar Bobiel. Maigidana direban babbar mota ne a da, katako yake ɗaukowa daga Kwatano ya sauke a kasuwar Katako. In gaskiya zan faɗa, shekarun farko na aurenmu ban san shi ba. Ya zo, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya yi barci, ya ajiye kuɗin cefane, ya tafi. Haihuwata uku, ɗaya ce kawai aka yi suna yana gari. Ni ce asibiti, ni ce lakwal, wato makarantar yara, ni ce faɗa da mai gidan haya. Duk sanda waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi, kuma rannan wayar da nake tsoro ta zo. Motarsa ta kife a hanyar Doso. Ya rayu, alhamdulillahi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Ga abin kunya na farko, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan an gama kuka da jinya, sai na tsinci kaina da miji. Mutum zaune a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, yana tsince mini shinkafa, yana tsokanata wai gishirina ya fi na tekun Kwatano yawa. Ashe mutumin nan ya iya ban dariya? Ashe ya san labarai haka? Mutane na zuwa jaje suna cewa sai haƙuri, ni kuwa can cikin raina akwai wani wuri da ya samu natsuwa. Waya ta yi ta ƙara, ko a jikina, tunda ga shi ina kallonsa.

Shi kam ba haka abin yake a wurinsa ba. Wanda ya san Bobiel ya san yashinta, ƙafar keken guragu nutsewa take yi, sai na tura da ƙirjina kafin mu kai bakin titi. Can kuma sabuwar wahala. Taksi zai rage gudu, direba ya hango keken, sai ya kau da kai ya taka mota. Mun sha tsayuwa cikin rana har lokacin ganin likita ya wuce. Sai dai ya bi motar da ido yana sauraren yadda ake canja mata giya, wani lokaci ya ce, "Wanga yaro bai iya canjin bites ba." Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon hanya daga sama, yau yara na wuce shi kamar ba su gan shi ba.

Ana haka wani tsohon abokin aikinsa ya kawo labarin wata ƙungiya mai ofis wajen Gaweye, wadda ke taimaka wa masu naƙasa su mallaki motar da ta dace da su. Ƙaramar mota ce marar canjin giya, ana sa mata wani ƙarfe kusa da sitiyari, ka tura gaba ta tsaya, ka jawo ta tafi, ba ruwanka da ƙafa. Ƙungiyar ce ke ɗaukar kaso mafi girma da kuɗin gyaran, mutum ya cika sauran. Direbobi ƴan garinmu suka yi masa karo-karo aka haɗa nasa kason. Shirinsa shi ne ya riƙa kai yaran unguwa lakwal yana ɗauko su, iyaye na biyansa a wata. Anti, ban taɓa ganin mutum ya dawo duniya irin haka ba. Ya aske gemu, ya sa aka wanke masa tsohon permi ɗinsa na tuƙi aka sa a roba. Har muciyata ya ƙwace ya ɗaure a jikin kekensa da igiya, yana turawa yana jawowa, yana yin ƙarar mota da baki, ni kuma ina tuƙa tuwo da ludayi ina masa tsiya.

Kafin su amince sai sun zo gida sun ga mutum. Su biyu suka zo, namiji da mace. Namijin ya zauna da maigida a inuwa, macen kuma, wata Bazabarma mai fara'a da zan kira Madam, ta biyo ni madafi kamar yadda mata ke yi. Ta ce, "Fofo uwargida, sannu da aiki." Muka taɓa hira, sannan ta rage murya ta ce, "Ke ce tare da shi kullum. Maza ba su faɗin komai. Yana jiri? Ya taɓa suma?"

Daidai lokacin ta ƙofar madafi nake hango shi yana nuna wa baƙon yadda zai riƙe ƙarfen, sai na ji ya yi dariya ya ce, "Ai da wagga mota Maradi ma wuni guda ce." Maradi. Wato ba lakwal kaɗai ba. Yau yaran unguwa, gobe wani ya ce a kai shi Doso, jibi hanya ta sake ɗauke shi, ni kuma in koma zaman jiran waya. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Bakina kawai na ji yana cewa, "Wani lokaci yakan ɗauke, na ɗan lokaci, sai ya dawo." Madam ta ce, "Shi ya sani?" Na ce, "Ba mu faɗa masa ba." Ta dafa kafaɗata cikin tausayi, ni kuma na zuba mata kunu.

Bayan ƴan makonni Madam ta kira shi ta ce an jingine dosiyensa, wato takardun neman motar, sai an yi masa hoton kai a asibiti, saboda sumar da iyalinsa suka ce yana yi. Ina shanya na ji ya kira ni. Na zo na durƙusa, na riga na sallama, na ce yau asirina ya tonu, ko saki ne in karɓa. Ya kalle ni ya ce, "Tun yaushe nika yin ta?"

Kun gane? Ko kaɗan bai yi zargin ƙarya ba. Don me zai yi? Mu nan ba a faɗa wa majinyaci ciwonsa. Shi da kansa, lokacin da mahaifiyarsa ta kamu da ciwon daji, shi da ƴan'uwansa suka haɗa baki suka ce mata gyambon ciki ne, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ni ma ina cikin masu kai mata fura muna cewa sauƙi ya samu. Don haka a ganinsa abin da ya yi wa uwarsa ne matarsa ta yi masa, don ƙauna. Ƙofa ce a buɗe in ce masa ƙarya na yi. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Tun bayan haɗarin."

Ya ce, "Allah shi saka miki da alheri. Da na kwashi ɗiyan mutane na kashe." Ya kwance muciyar ya miƙo mini. Na karɓa. Har yau in na sa ta a tukunya sai in ji tuwon ya fita raina.

Daga ranar mutumin da na ɓoye don kaina ya fara ɓacewa. Ya daina tsokana. Ba ya yarda ya zauna shi kaɗai, in zan je kasuwa sai na roƙi maƙwabciya ta leƙo. In ya yi gyangyaɗin rana irin na kowa, sai ya farka a firgice ya ce, "Sumar ta zo ko?" In na ce a'a, sai ya yi murmushi ya ce, "Ko ta zo ba ki hwaɗi." Na ce a'a bai yarda ba, na ce i na ƙara ƙarya. Ina zan sa kaina?

Abin bai tsaya nan ba. Akwai masu tallan magani a faranti da ke wucewa ta ƙofar gida, ya tsayar da wani ya sayi ƙwayoyin da aka ce na farfaɗiya ne. Na yi faɗa, na ɓoye, na zubar a masai, ya sake saye. Da na ga haka sai na yi dabara na ce masa ai sumar ta daina, an daɗe ban gani ba. Ya ce, "Kin gani? Maganin na aiki." Ya ƙara riƙe shi da kyau. Yanzu ƙwayoyin nan suna sa shi jiri na gaske, harshensa na nauyi, rannan kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ciwon da na ƙirƙira a madafi ina kallo yana shiga jikinsa, kuma ni ce mai miƙa masa ruwan da zai haɗiye.

Madam ta kira ni kwanan baya. Ta ce sun riƙe masa gurbinsa iya riƙewa, in wata ya ƙare bai kawo hoton kai ba za su ba na bayansa, masu jira suna da yawa. Ta ce wata sumar ana maganinta, kada mu yanke ƙauna. Na same shi na roƙe shi mu je. Ya ce, "Ke kin gani da idonki, na'ura mi za ta ƙara? In je su amshe mini permi?" Permin nan yana aljihun gaban rigarsa kullum, ko wanki zan yi sai ya cire da kansa. Har ya fara maganar a mayar wa direbobi kuɗinsu.

To ku duba inda nake. Ba zai je asibiti ba sai na ce ban taɓa ganin komai ba. In na faɗa, da wane ido zai kalle ni? Mutumin da ni nake masa wanka, ni nake ɗaga shi, ba shi da inda zai je ya huce, dole hannun da ya cuce shi ne zai ci gaba da juya shi a shimfiɗa. In na je wa Madam da gaskiya, wa ya san ko za su soke dosiyen gaba ɗaya su ce gidan maƙaryata ne? Kuma kada in yi muku ƙarya ku ma: har yanzu ina tsoron ranar da zai hau hanyar Maradi. Ina son ya samu motar, kuma ba na son ya tafi. Wace irin mace ce ni?

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru ranar Juma'ar nan. Ƴarmu ta fari ta zo wankan jego da jaririnta, jikanmu na farko, wanda aka sa wa sunan maigida. Ta durƙusa ta miƙa masa yaron ta ce, "Baba, ga takwaranka." Ya miƙo hannu, har yatsunsa sun taɓa zanen, sai ya janye ya maƙale hannuwansa a hammata. Ya ce, "Ba uwarki ta riƙe mini shi, in gan shi daga nan. Kar ta zo mini yana hannuna." Na karɓi yaron na matso da shi kusa da fuskarsa. Ya yi masa addu'a, ya ɗago ya ce wa ƴarmu, "Ki riƙe uwarki da kyau. Ba don ita ba, da ban san abin da ke jikina ba."

Wata ya kusa ƙarewa, Anti. Mijina lafiyar kansa ƙalau, hannuwansa sun fi nawa ƙarfi, kuma yana tsoron ɗaukar jikansa saboda maganar da na yi ina tuƙa tuwo. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi da mutumin da kullum yake gode mini?